Kyaftin da Layin Toka

Ban taɓa buga ƙwallon raga ba, ko sau ɗaya. Aikina a ƙungiyar mata ta jami'armu, a Aliero, shi ne jan layin fili da toka.

Daga Jega Sabon Gari na shigo jami'a, ina karanta kemistiri. Ni ba na son a kalle ni. Daga aji sai laburare, daga laburare sai ɗakin kwana, kaina a ƙasa, littattafai a ƙirji. Hanyar kuwa ta gefen filin ƙwallon raga ta bi, fili ne na ƙasa zalla, da turaku biyu na ƙarfe da raga mai faci. Wata la'asar ina wucewa idona ya faɗa kan layin gefe. Ya fara a miƙe, da ya kai tsakiya sai ya yi ciki kamar lauje. Na tsaya ina kallonsa, ban ma san na tsaya ba.

"Ke mai littafi! Kallon mi kike wa hilinmu, ko ajiya kika binne a ciki?"

Wata doguwar budurwa ce, baƙa siririya, da dogon wando da ƙaramin hijabi da ta cusa bakinsa cikin riga. Ita ce kyaftin ɗin ƙungiyar, kuma kowa Kyaftin yake ce mata, har malamai. Na ce mata layin ne ya karkace. 'Yan wasan suka kwashe da dariya, wata ta ce an kawo mana injiniya daga laburare. Kyaftin ba ta yi dariya ba. Ta zo ta tsaya a bayana, ta runtse ido ɗaya ta hango layin, sannan ta miƙo mini gwangwanin da ke hannunta.

"Gaskiyarki. To taho ki miƙe shi, Malama."

Tun daga ranar Malama take ce mini, alhali ta girme ni da aji biyu.

Na samo igiya da 'yan turaku na itace. Tokar kuma wurin matan da ke dafa abincin sayarwa a bayan ɗakunan kwana nake roƙowa, in tankaɗe ta da tsohuwar rariya don kada gawayi ko ƙusa ta shiga, in zuba a gwangwanin madara da na huda gindinsa. Sai in ɗaure igiya, in bi ta a sunkuye ina kaɗa gwangwanin. Aikin ya yi mini, domin ba ya buƙatar magana.

Kafin in ja layi, sai Kyaftin ta gama nata aikin. 'Yar Kuberi ce, ta ƙasar Maiyama, gidansu masu noman dawa ne da damina, da rani kuma albasa. Yadda ta ga ana gyara fangalin albasa a gida, haka take gyara filin. Ta sa a tsince duwatsu, a farfasa ƙasar da fartanya, a baje ta da manjagara, a yayyafa ruwa har ta yi laushi. Sannan ta durƙusa ta dafa ƙasar da tafin hannu. In ba ta gamsu ba, babu mai taɓa ƙwallo. 'Yan wasan suna ƙorafi, wai sun zo wasa an mayar da su 'yan ƙwadago. Ita kuwa cewa take: "Wadda ba ta gyara wurin faɗuwarta ba, tsoro za ta buga da shi."

Ita ba ta da wannan tsoron. Ƙwallon da kowa ya sallama, ta wuce kawuna ta nufi bayan fili, sai ka ga Kyaftin ta miƙe a iska kamar wadda za ta shiga kogi, ta sa hannu ƙarƙashinta kafin ta taɓa ƙasa, ta zame da ƙirji da kafaɗa, ta miƙe tana kakkaɓe riga. Ƙasar da ta gyara ba ta taɓa cutar da ita ba.

Amma abin da ke tara mutane shi ne dukanta. Ban san yadda zan kwatanta shi ba sai dai in faɗi abin da idona ya gani. Za a ɗaga mata ƙwallo kusa da raga, ta taho da gudu, ta tashi. Masu tare ta su ma su tashi, su kai iyakarsu, su fara saukowa, ita kuwa tana sama, kamar akwai wani abu da ya riƙe ta. Sai sun sauka hannunta na dama yake saukowa. Ba tsakiyar fili take nema ba, layina take nema. Ƙwallon ta faɗi daidai kan toka, farin hayaƙi ya yi bul, ɗalibai su ɗauka baki ɗaya: "Toka ta tashi!" Babu alƙalin wasan da zai yi musu da wannan shaidar. Ni kuma ina gefe, riƙe da gwangwani. Na karanta dokokin motsi a aji, na ci jarrabawarsu, amma duk lokacin da ta tashi sai in ji kamar ban karanta komai ba.

Bayan wasa takan zo ta dubi inda ta ɓata mini layi ta ce, "Yi haƙuri Malama, na sake yi miki ɓarna." In ce babu komai. Iyakar hirarmu ke nan tsawon watanni.

Wata ranar kasuwar Aliero ta ja ni rakiya, za ta karɓi saƙo daga gida wurin masu kawo albasa. Muna ratsawa tsakanin buhuna, warin albasa ya cika ko'ina, ta gaya mini abin da ke ranta. Mahaifinta bai hana ta wasa ba, sharaɗi ɗaya ya sa. Ya ce muddin tana karatu ta buga abinta. In ta gama, to in jiha ta ɗauke ta cikin ƙungiyarta, wannan ya zama aiki, ya sa albarka. In ba a ɗauke ta ba, wasa ne, wasa kuwa da makaranta yake ƙarewa, sai ta koma gida ta koyar.

"Kuma bana ce shekarata ta ƙarshe," in ji ta. "Ni ko, Malama, ban san mi ake yi da la'asar ba in babu hili."

A wannan shekarar aka gayyace mu gasar jami'o'i a wani babban birni, aka ce masu zaɓar 'yan wasan jiha za su halarta. Kocinmu, wani dattijo mai son zolaya, ya sa ni cikin tafiyar don in kula da ruwa da riguna, ya ce ko banza in ga duniya ban da ta cikin littafi.

Da muka shiga zauren wasan sai na ga ba ni da aiki. Daɓen siminti ne, an shafe shi da koren fenti, layukan farin fenti ne, a miƙe sarai. 'Yan wasan sauran jami'o'in suna da matasai da suke ɗaurawa a gwiwa da gwiwar hannu. Mu ba mu da su, ba mu taɓa buƙatarsu ba. Kyaftin ta durƙusa kamar yadda ta saba, ta dafa daɓen, ta ɗago tana murmushi.

"Koci, wanga fangali ko ƙaya ba ta tsira a kai."

Aka yi dariya, amma koci ya ɗaure fuska. "Ku saurare ni, 'ya'yana. Nan ba gida ba ne. Ƙwallon da ta wuce ku, ku bar ta ta tafi. Kada wadda ta jefa jikinta. Ke nake wa magana, Kyaftin."

Ta ce ta ji. Kuma ta ji ɗin, domin a wasannin farko na ga yadda take taka wa kanta burki, ƙwallo na faɗuwa kusa da ita tana cije leɓe. Dukanta kuwa bai canja ba. Babu toka da za ta tashi, amma ƙarar ƙwallon a kan siminti sai da ta sa mutanen da ba su san mu ba suka bar kujerunsu suka dawo gefenmu. Na ga mutum biyu cikin masu zaɓen suna nuna ta suna magana.

A wasan da zai kai mu na ƙarshe ne abin ya faru. Ana kankankan, zaure ya ɗauki ihu. Abokan karawarmu suka yi duka, ƙwallon ta bugi hannun ɗaya daga cikin 'yan wasanmu ta kauce, ta nufi can bayan fili. Ina ganin fuskar Kyaftin a lokacin. Babu wani tunani a cikinta. Jikin da ya yi shekaru yana faɗawa kan ƙasa mai laushi shi ya yanke hukunci. Ta miƙe a iska, tsawonta duka, hannun dama a gaba. Ta samu ƙwallon. Ƙwallon ta tashi, ta koma cikin fili, 'yan wasanmu suka tura ta, ta faɗi a gefen abokan karawa, aka ba mu maki. Duk wannan daga baya aka gaya mini, domin ni ƙarar da kafaɗarta ta yi a kan siminti kawai na ji. Ta yi yunƙurin miƙewa ta kakkaɓe riga kamar kullum, hannun ya ƙi biyo ta.

An kai ta asibiti a can, daga baya mahaifinta ya zo ya tafi da ita gida, mai ɗori ma ya yi nasa ƙoƙarin. Kafaɗar ta warke, amma hannun bai ƙara ɗaguwa ya wuce kafaɗa ba. Masu zaɓen sun aiko da gaisuwa ta hannun koci.

Ta dawo ta rubuta jarrabawar ƙarshe. Na lura ta daina bin hanyar gefen fili, sai ta zagaya ta bayan masallaci, duk da nisan. Ranar da za ta tafi na raka ta tasha ina ɗauke da jakarta. Ina ta shirya maganar da zan faɗa mata, har mota ta cika ban faɗa ba. Ita ce ta leƙo ta taga ta ce, "Ki riƙa tankaɗe tokar nan da kyau, Malama." Na ci gaba da jan layi har na gama, amma ban ƙara jin an yi ihun toka ta tashi ba.

Shekaru suka wuce. Na koma Jega ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Labarinta yakan iso ni jefi-jefi ta bakin masu zuwa kasuwa: tana koyarwa a makarantar ƙauyensu, ta yi aure, ta haihu, tana taya gidansu aikin albasa da hannun hagu. Ko a waya muka gaisa, ba ta taɓa ambaton ƙwallo ba, ni ma ban ambata ba.

Bayan an gama girbi wata shekara sai ga kiranta.

"Malama, gwangwaninki na nan?"

Na ce gwangwani ai ba ya wuya. Sai ta ba ni labari. Tsohon kocinmu ya yi ritaya, ya aiko mata da tsohuwar raga da ƙwallo. Ta ajiye su ƙarƙashin gado wata da watanni, ta kasa buɗewa, ta kuma kasa bayarwa. Daga ƙarshe ta je wurin mai gari ta roƙi aron masussuka, tunda an gama sussuka wurin yana zaune, don ta koya wa 'yan mata wasa. Ya ce shi ba ya hanawa, amma 'ya'ya na iyayensu mata ne. Ta bi gida-gida. Kowace uwa ta karɓe ta da fara'a, ta ba ta ruwa, ta ce sai mun gani. A wurinmu mace ba ta ce wa malamar 'yarta a'a ido da ido, kuma kowa ya ga hannun Kyaftin, kowa ya san abin da ya jawo shi.

Don haka ta yanke shawara. Ta gaya wa ɗalibanta cewa ranar Asabar bayan la'asar, duk wadda mahaifiyarta ta yarda, ta zo da toka daga murhun gidansu don a ja layi. Wadda ba ta zo ba, ba za a tambaye ta dalili ba, babu uwar da za a kunyata. Na gane dabarar nan take. A ƙauye toka ba shara ba ce. Da ita ake adana wake a rumbu, ana barbaɗa ta a kan irin albasa don ƙwari, ana tace ruwanta a sa a miya. Yarinya ba ta isa ta ɗebi tokar uwarta a ɓoye ba.

"In ba su kawo ba fa?" na tambaye ta.

"Sai in bai wa samari ragar, in rufe zancen har abada. Amma ina so in an kawo, layin ya miƙe. Ki taho."

Na shiga mota zuwa Maiyama, daga nan na hau babur zuwa Kuberi. Na same ta a masussukar, ta ƙara jiki kaɗan, fartanya a hannun hagu. Ta kwana biyu tana farfasa ƙasar da sussuka ta daddaɓe, ta tsince duwatsu, ta yi jigilar ruwa daga rijiya ta yayyafa. Mijinta ya kafa mata turaku biyu na itace ya koma gona. Muka ɗaura raga, ni ina ɗaure sama tunda hannunta ba ya kaiwa. Na kafa 'yan turakuna, na ja igiya. Muka yi sallar la'asar, muka zauna a inuwar darbejiya, gwangwani babu komai a ciki.

Inuwa ta yi ta tsawo. Awaki suka ratsa filin suka wuce. Kyaftin ta fara ba ni labarin farashin albasa, ta bari a tsakiya. Ba ta kallon hanya, ragar take kallo, ni ce nake satar kallon hanya.

Wadda ta fara ɓullowa tsohuwa ce, tana tafe a hankali da ƙwarya a kai. Kyaftin ta miƙe da sauri.

"Inna, mi ya hito da ke?"

Mahaifiyarta ce. Ba ta taɓa ganin 'yarta tana wasa ba, hannun kawai ta gani, ita ta yi jinyarsa, ita ta riƙa ɗaura mata ɗankwali lokacin da ba ta iyawa. Ta sauke ƙwaryar a gabana, cike da farar tokar karan dawa.

"An ce duk uwar da ta yarda ta aiko da toka. To ni ɗiyata ta yi girma da aike, shi ya sa na kawo da kaina." Ta dube ni. "Ke ce mai layin? Tankaɗe ta, ɗiyata, akwai gawayi."

Kyaftin ta juya mana baya, ta kama igiyar raga tana gyarawa, alhali babu abin da ya same ta.

Ko matan garin suna leƙe ne ta katanga suna jiran su ga wadda za ta fara, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ban gama tankaɗe tokar Inna ba sai ga yara biyu, ɗaya da murfin tukunya, ɗaya da ƙoƙo. Bayansu wasu uku suna tafe suna ture juna. Wata ta kawo tata a leda, wata a tsohon kwanon sha. Wata 'yar Fulani ta taho daga ruga da 'yar ƙwarya mai zane, tokarta ta kashin shanu ce, ta fi sauran duhu. Ta ce innarta ta ce a dawo mata da ƙwaryar. Kafin rana ta yi ja sun isa a raba gida biyu har da saura.

Na shimfiɗa buhu zan juye tokar duka in gauraya, don layin ya zama launi ɗaya. Kyaftin ta riƙe hannuna.

"Kada ki haɗa, Malama. Bari kowa ta ga ta gidansu."

Ban so ba, amma na bi. Layin ya fito a miƙe, sai dai nan fari, nan toka-toka, nan kusan baƙi. Yaran suna bina a baya, kowacce na nuna inda nata ya fara.

Ba ta ba su ƙwallo da farko ba. Ta sa su durƙusa su dafa ƙasa da tafin hannu. Ta ce duk filin da suka je a rayuwarsu, su fara tambayar ƙasar, su kuma tuna amsar da ta ba su har a tashi wasa. Sannan ta koya musu faɗuwa: yadda ake lanƙwasa gwiwa, a mirgina ta gefe, kada a tari ƙasa da kafaɗa. Ita da kanta ta nuna musu, ta mirgina ta gefen hagu ta miƙe tana kakkaɓe zane. Inna ta ce "Subhanallahi!" ta rufe ido, yaran suka yi ta dariya suna birgima.

Can wata mai baki a cikinsu ta ce, "Malama, wai da gaske ke kina bugawa toka ta tashi? Yayana ya ce ƙarya ce."

Kyaftin ta karɓi ƙwallon, ta juya ta a hannu. Ta koma bayan layi, ta ɗora ta a tafin dama, nan ƙasa inda hannun yake iya kaiwa, ta buga da hagu daga ƙasa, irin bugun da ake koya wa sababbin shiga. Ƙwallon ta shiga raga ta faɗo. Yaran suka fashe da dariya, ita ma ta yi.

"Ku miƙo. Yayanki bai ga komai ba tukuna."

Ta biyun ta tsallake ta faɗi tsakiyar fili. Ta sake karɓa. A ta ukun na ga ta runtse ido ɗaya, kamar ranar da ta fara hango karkataccen layi a bayana. Ƙwallon ta tashi a hankali, ta yi sama sosai, ta haye raga, ta sauko can kusurwa, kan baƙin layin 'yar Fulani. Wani ɗan hayaƙi ya yi bul, bai kai tsawon idon sawu ba.

Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban mutane ba, sai na ji bakina ya buɗe.

"Toka ta tashi!"

Yaran suka ɗauka, suna tsalle suna maimaitawa. Inna ta janyo bakin mayafina ta ce, "Mi ya faru? Ta ci ne?" Na ce ta ci, Inna. Kyaftin ta tako har kusurwar, ta dubi inda layin ya ɓaci, ta ɗago ta dube ni.

"Yi haƙuri Malama, na sake yi miki ɓarna."

Na ɗauki gwangwani na je na gyara. Ita kuma ta juya wurin yaran ta ce gobe kowa ta zo da wuri, akwai ɗibar ruwa kafin wasa.